Man feftayid: wanne ya cancanci kuɗinki a zafin Sakkwato?

A ɗakin amarya, lokacin bikin ɗiyar yayata a Mabera, wata ƙawar amarya ta zaro ƙaramar kwalba daga jaka ta miƙo mini. "Anti, wanga shi ka mai da tsohuwa yarinya," in ji ta. Ban tantance ko yabo ne ko habaici ba, na dai karɓa na duba. An rubuta peptides da manyan baƙaƙe a jikin kwalbar, kuɗin da ta ce ta saye ta kuwa ya isa cefanen mako. Da na tambaye ta wane iri ne a ciki, sai ta ce ai feftayid feftayid ne. Daga nan asarar kuɗi take farawa, domin suna ne na dangi guda, kuma 'yan dangin ba aikinsu ɗaya ba.

Ki ɗauki furotin kamar carbi mai ƙwaya da yawa, kowace ƙwaya ita ce ake kira amino asid. Kolajin, wanda shi ne yake riƙe fata ta tsaya da ƙwarinta, dogon carbi ne mai ƙwaya wajen dubu a kowane zare. Guntun carbi mai ƙwaya 2 zuwa 50 shi ne feftayid. Idan kolajin ya tsufa ya farfashe, gutsattsarinsa sukan zama kamar saƙo ga ƙwayoyin fata cewa gini ya zube, a kawo gyara. Masu haɗa man shafawa sai suka kwaikwayi waɗannan gutsattsari a ɗakin bincike, suna aika wa fata saƙon ko da ba abin da ya zube. Tunda kolajin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan mutum ya girma, dabarar tana da ma'ana.

Sai dai fata katanga ce, an halicce ta don ta hana abu shiga. Masana suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: abin da nauyin ƙwayarsa ya wuce dalton 500 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Yawancin feftayid sun kai haka ko sun wuce. Shi ya sa ake liƙa musu wutsiyar kitse don su sulale ta cikin maiƙon fata, kuma ita ce kalmar palmitoyl da za ki riƙa gani a jerin sinadarai. Irin kitsen nan ne yake da yawa a cikin manja, ko da yake wannan ba izini ba ne ki shafa manja a fuska. Kolajin ɗin kansa kuwa nauyinsa ya kai wajen dalton 300,000. Man da aka rubuta wa collagen cream zai iya laushi da fata daga sama, amma ba ya shiga, kamar a ce raƙumi ya bi ta ƙofar akurki.

Cikin ire-iren feftayid, wanda na fi ba wa muhimmanci shi ne Matrixyl. Kamfanin Sederma na Faransa ne ya fito da shi a shekarar 2000, sunansa a jerin sinadarai Palmitoyl Pentapeptide-4. Daga baya aka yi Matrixyl 3000, wanda ya haɗa Palmitoyl Tripeptide-1 da Palmitoyl Tetrapeptide-7. Aikinsa shi ne wancan saƙon na a ƙara kolajin, don haka ana neman sa ne saboda ƙananan tamoji da fatar da ta fara saki. Yana da shaida gwargwado: a 2005 an wallafa gwajin da aka yi wa mata 93 tsawon mako 12, ɓari ɗaya na fuska da mai ɗauke da feftayid, ɗaya ɓarin da mai zalla, aka ga tamoji sun ɗan ragu a ɓarin farko. Abu biyu ki riƙe game da wannan gwaji. Masu binciken na kamfanin Procter & Gamble ne, mai Olay, wato mai kaya ne ya auna kayansa. Sannan matan duk Turawa ne, waɗanda fatarsu take saurin yamutsewa da rana fiye da tamu. Duk da haka, ba ya zafi, ba ya saɓule fata, yana zama lafiya da yawancin mayuka, kuma ana samun sa a kaya masu matsakaicin kuɗi irin su Olay Regenerist da Matrixyl 10% + HA na The Ordinary. Mace mai shekara 35 zuwa sama da take son ta gwada feftayid karon farko, nan zan ce ta fara.

Na biyu shi ne mai ɗauke da jan ƙarfe, Copper Tripeptide-1 ko GHK-Cu. Wani masani ɗan Amurka, Loren Pickart, shi ya gano shi a ruwan jinin ɗan Adam a 1973, kuma binciken farko ya fi karkata ga warkar da rauni. Za ki gane shi da launinsa shuɗi. Ya fi Matrixyl tsada, kuma yana da tsirfa: ba a haɗa shi lokaci guda da bitamin C mai ƙarfi ko mayukan asid masu ɓare fata, domin ɗaya yana lalata ɗaya. Wasu kuma yana sa musu ƙaiƙayi in sun cika shi. Ya dace da wadda ta riga ta san fatarta, take da tsarin da ta saba, take son ta ƙara abu ɗaya. Wadda har yanzu sabulun wanka take wanke fuska da shi, wannan ba shi ne matakinta na gaba ba.

Sai Argireline, Acetyl Hexapeptide-8, na kamfanin Lipotec da ke Basalona a ƙasar Sifen. Shi ne 'yan talla suke kira Botox na kwalba. An tsara shi ne ya rage motsin tsokar fuska don layin goshi da na gefen ido su lafa. Amma Botox allura ce da likita yake kaiwa cikin tsokar, shi kuwa wannan shafa shi ake yi daga waje, ɗan abin da ya ratsa bai taka kara ya karya ba. In ya zo a cikin haɗi tare da wasu, madalla. Kwalbarsa shi kaɗai ba zan ba da kuɗina ba.

Akwai haɗe-haɗe da suka tara iri biyar ko shida a kwalba ɗaya, kamar Multi-Peptide + HA Serum na The Ordinary, wanda da ake kira Buffet, ko The 6 Peptide Skin Booster na COSRX daga Koriya ta Kudu. Ga wadda ba ta son jera kwalabe a gaban madubi, zaɓi ne mai kyau. Yawan sunaye dai ba ya nuna yawan aiki. Haka ma lambar da ake rubutawa a gaba: 10% Matrixyl yana nufin kashi 10 na ruwan haɗin da kamfani ya sayo, feftayid ɗin da ke cikinsa ɗan mitsitsi ne, ana auna shi da kashi cikin miliyan. Saboda haka in kin ga sunansa can ƙarshen jerin sinadarai kada ki ɗauka an cuce ki, haka ake sa shi. Abin gudu shi ne kwalbar da ta cika gaba da kalmar peptide, ki juya baya ki rasa sunan ko guda.

Game da siram, wato ruwan shafawa marar kauri da ake ɗigawa a fuska, ko mai kauri, yanayin garinmu ne zai raba gardama. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, mai kauri a fuska azaba ne, yana narkewa da zufa yana toshe ƙofofin fata, ƙuraje su biyo baya. A lokacin siram mai ruwa-ruwa ya wadatar, da ɗan mai marar nauyi a kai. Da hunturu kuwa labari ya juya. Yawancin siram ɗin nan suna ɗauke da hyaluronic acid, wato HA, mai jawo danshi, to a iskar Disamba da Janairu ina danshin yake? In kika shafa shi a busasshiyar fuska kika bar shi haka, za ki wayi gari fata ta ɗaure kamar ganga. Ki shafa shi fuska da sauran lema, ki rufe da mai kauri. Man kaɗanya yana wannan aikin sosai ga mai busasshiyar fata, mai maiƙo da ƙuraje kuma ta nemi wanda ya fi shi sauƙi. In kwalba ɗaya kawai aljihu zai ɗauka, ni man shafawa mai feftayid a ciki zan zaɓa, don ko feftayid ɗin bai yi abin a zo a gani ba, kin samu mai. Sabulun wanke fuska mai feftayid kuwa kuɗi ne kike zubarwa a makwarara, minti ɗaya zai yi a fuskarki ruwa ya tafi da shi.

Garin kolajin da ake damawa a sha wata magana ce daban. Ciki yana narkar da shi kamar sauran furotin, ba a ba shi adireshin fuska ba. In za ki saya, ki duba tushensa: ana yin sa daga fatar shanu, ko kifi, ko alade. Na kifi ko mai tambarin halal shi ne kwanciyar hankali. Na shafawa yawanci a ɗakin bincike ake ƙera su, ba daga dabba ba.

Yanzu abin da mai shago ba zai gaya miki ba. Yawancinmu damuwarmu ba tamoji ba ce, baƙar fata tana jimawa kafin ta yamutse. Damuwarmu tabon ƙuraje ne, da baƙin da yake kwanciya a kumatu da goshi, da fuska ta fi wuya duhu. Feftayid ba gwanin wannan fage ba ne. Niacinamide da azelaic acid sun fi shi, kuma sama da su duka man kariya daga rana mai SPF 30 ko fiye. Rana ita ce take cinye kolajin ɗin da kike sayen siram don ki gina, kuma kin san ranar Sakkwato ba ta san wasa ba. Wadda take da kuɗin abu ɗaya ta sayi man rana, feftayid ya jira wata mai zuwa. Ko a maganar tamoji, retinol, wani nau'in bitamin A, da danginsa sun fi feftayid ƙwaƙƙwarar shaida nesa ba kusa ba. Inda feftayid ya ci riba shi ne sauƙin kai: retinol yana busarwa, yana saɓule fata a farko, kuma ana hana mai ciki amfani da shi. Mai fata marar juriya za ta fi jin daɗin feftayid, mai ciki da mai shayarwa kuma su nuna wa likita kwalbar kafin su fara.

Feftayid ba ya sa fari. Duk man da aka ce na feftayid ne kuma ya haska ki cikin kwana bakwai, akwai wani abu a ciki da ba a rubuta ba, galibi hydroquinone ko sitiroyid irin clobetasol, wani lokaci har da makuri, ƙarfe mai guba. Abin takaicin shi ne sitiroyid yana sirantar da fata yana hana ta yin kolajin, daga nan jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsaga hannu da cinya. Mai shafa irin wannan da dare ta kuma sa Matrixyl da safe, tana ɗiban ruwa ne a kwando. Barin man sitiroyid ɗin farat ɗaya ma yakan tayar da ƙuraje da zafi, don haka ta nemi likitan fata, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani babban asibiti, ya tsara mata yadda za ta janye. Ki kuma lura da masu tallar allurar glutathione suna cewa ai ita ma feftayid ce. Gaskiya ne amino asid uku ne suka haɗa ta, amma wannan bai sa allurar fari ta zama abin amincewa ba, hukumar magunguna ta ƙasar Filifin ta sha yin gargaɗi a kanta.

Yadda ake amfani da shi ba wuya. Ki fara gwadawa a bayan kunne ko cikin dantse kwana biyu zuwa uku. In ba ja ba ƙaiƙayi, ki wanke fuska, ɗigo uku ko huɗu, fuska da wuya, sannan mai. Takardar kwalba takan ce safe da dare, amma ba a rubuta ta da mai alwala sau biyar a rai ba. Abin da kika shafa da hantsi, alwalar azahar ta tafi da shi. Bayan isha'i ne zai samu awanni yana zaune a fata har asuba, don haka in sau ɗaya za ki yi, ki yi a lokacin, kwalbar ma ta fi daɗewa. Man rana shi ne na safe, a sake shi bayan alwala in za a fita. Ki ɗauki hoton fuskarki a bakin taga ranar farko, ki sake ɗauka a wuri guda bayan mako 8 zuwa 12. Kafin nan duk hasken da kika gani danshi ne.

Wajen saye, jabu ya yi yawa, musamman na sunayen da suka yi tashe a Instagram da TikTok. Ki duba lambar rukuni da ranar lalacewa a kwali da kwalba ko sun dace, ki duba lambar rajistar NAFDAC, ki kuma yi shakkar duk farashin da ya yi ƙasa da rabin na sauran masu sayarwa. Haɗin gida da ake ɗurawa a roba ba jerin sinadarai, a manna masa takarda, ba ki da hanyar sanin abin da ke ciki. Kwalba mai famfo ko mai duhu ta fi buɗaɗɗen gwangwani da ake tsoma yatsa. Akwai ƙaramin hoton gwangwani a buɗe da aka rubuta 6M ko 12M, watannin da zai yi ke nan bayan kin buɗe. Ki kwatanta kuɗi da yawan mililita, don kwalbar 30 da ta 50 sukan yi kama a hoto.

Ki kuma kalli inda mai shago yake ajiye kayansa. Na taɓa sayen siram a wani shago da ya jera kwalabe a gilashin da yake fuskantar titi, rana tana dukan su tun hantsi. Da na buɗe a gida ruwan ya koma rawaya, ya rabu biyu, ga wani wari kamar na tsohon man gyaɗa. Na mayar, ya ce haka kamfani ya yi shi. Tun daga ranar nake cewa a ɗauko mini daga kwali na can ciki, in kuma shagon ba ko fanka sai in wuce. A gida ma ba na barin sa a mota ko bakin taga. Firji yana da kyau in wuta tana tsayawa, in ba ta tsayawa, nawa yana cikin wata 'yar roba mai murfi a gindin randa.