Hodar laushin nama mai papain: gwanar tsire, amma a raba ta da kilishi

Duk wanda ya sayi naman tsohon sa a mayankar Oko-Oba ta Agege ya san wahalar da haƙori ke sha. Hodar nan da ake samu a manyan kantunan Legas tana magance wannan, in an san hannunta. A fara duba bayan kwalba: wasu papain ne a ciki, wasu bromelain na abarba, sauran kuma yawanci gishiri ne da ɗan sukari.

Papain sinadari ne mai datse furotin, ana samunsa a farin ruwan nan mai kama da madara na ɗanyar gwanda. Ƙwayoyin halittar bishiyar ba sa ƙera shi a shirye. Yana fitowa ne da wani guntu da ya toshe masa baki kamar takunkumi, sai an yanke guntun sannan a samu sarƙa mai amino asid (tubalan ginin furotin) 212 da za ta iya aiki. Wuƙar tasa kuwa amino asid ɗaya ce, mai suna cysteine, ta 25 a jerin sarƙar, kuma iska na dakushe ta. Shi ya sa kwalbar da aka bari a buɗe cikin damshin Legas take dunƙulewa ta rasa ƙarfi, ko da ranar lalacewarta ba ta zo ba. A sayi ƙarama, a rufe gam.

Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi rabin kilo. A jiƙa naman, a barbaɗa, a caccake shi da cokali mai yatsu, domin hodar ba ta nitsewa ciki da kanta. Minti 30 ya isa, yankan tsire ma bai kai haka ba. A rage gishirin yaji, tunda hodar na da nata.

Inda ake yin kuskure shi ne wuta. Papain ya fi kaifi wajen zafin digiri 60 zuwa 70 na ma'aunin Celsius, wato yana ci gaba da cin naman a kan gashi. Balangun da ya daɗe a sanyin wuta sai bayansa ya dagargaje kamar fate, cikinsa na nan da tauri. A kusa da shi garwashi. Hanta da ƙoda ba sa buƙatarta, kilishi kuwa yagewa zai yi tun a shanya.

Masu shafa ɗanyen ƙwai a nama su lura: farin ƙwai na ɗauke da sistatin, furotin da ke kama papain ya hana shi motsi.