Sharhi kan Digital Wellbeing: yadda ya rage mini sayen abin da ba na buƙata

Wata shida ke nan ina amfani da Digital Wellbeing, wato sashen nan na wayoyin Android da kamfanin Google ya fito da shi a shekarar 2018 domin mutum ya ga inda lokacinsa yake tafiya a waya. Don tattalin lokaci aka yi shi, amma ni aljihuna na nufi ceto da shi, tun ranar da na buɗe durowa na tarar da abin sauraro na kunne har guda uku, biyu ko kwalinsu ban buɗe ba, kuma duk cikin dare na saye su ina kwance.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ƙayyade wa kowace manhaja lokaci. Na ware wa manhajojin sayayya minti 10 a rana, da zarar sun cika sai manhajar ta rufe, alamarta ta dusashe, ba za ta sake buɗuwa ba sai ƙarfe 12 na dare. Minti 10 sun ishi wanda ya san abin da ya zo nema, amma ba za su ishi mai zagaye tsakanin kaya yana ciyar da ido ba, kuma a wannan zagayen ne kuɗina suke zurarewa. 'Yan kasuwar intanet sun daɗe da sanin cewa jinkiri yana kashe ciniki, shi ya sa daga 1999 zuwa 2017 kamfanin Amazon ya riƙe haƙƙin mallakar fasahar saye da dannawa ɗaya, domin kada a bar wa mai saye tazarar sake tunani. Wannan tazarar ce na samu a nan.

Akwai kuma tsarin lokacin barci, wanda yake mayar da fuskar waya fari da baƙi. Da farko na raina shi, sai na lura cewa jan tallan rangwame da yakan tsole mini ido ya koma toka-toka, takalmin da ya burge ni da rana kuma ya zama takalmi kawai.

Rauninsa a fili yake: wanda ya ɗaura linzamin shi ne mai ikon cire shi, kuma cirewar ba ta da wuya. Sau biyu na ƙara wa kaina lokaci a makon farko, don haka ba zan ce zai yi wa wanda bai yi niyya ba wani tasiri. Bai san komai game da kuɗi ba, lokaci kawai yake ƙirgawa, saboda haka na haɗa shi da ɗan littafi inda nake rubuta duk abin da raina ya biya, in bar shi ya yi mako guda kafin in waiwaye shi. A watan jiya na rubuta abubuwa 9, da makonsu ya cika na sayi cajar waya kaɗai, domin tsohuwar ta lalace.