Audugar mata ta zaren ayaba, na gwada

'Yan uwa mata, ƙanwata da ke karatu a Indiya ce ta kawo min audugar mata ta kamfanin Saathi tsaraba, da farko dariya ma na yi, wai ayaba kuma? Ashe a birnin Ahmedabad na can Indiya ake yinta da zaren jikin bishiyar ayaba, wanda manoma ke sarewa su yar bayan sun cire nonon, akwai ta zaren itacen gora ma. Wata biyu kenan ina amfani da ita, laushi gareta sosai, ba wannan ƙaiƙayi da zufa irin na mai leda lokacin zafi. Kamfanin yace idan aka binne cikin wata 6 take ruɓewa, ni dai abin da yafi burgeni kenan, ku duba kwatocinmu yadda leda ke toshe su da damina. Na riga nace ta ƙaro min in zata dawo hutu.