Maganin cire fenti na gwangwani a kan fok ɗin alminiyam: yana aiki, amma sai da leda da inuwa

Kekunan gwanjo da ke shigowa Sakkwato da yawansu fok ɗinsu, wato ƙafafun da ke riƙe da tayar gaba, na alminiyam ne, an lulluɓe shi da fentin ƙyalli marar launi da masu fentin mota ke ce wa kiliya. Idan kiliyar ta tsufa sai ta koma rawaya, ta tsattsage, ka ga wasu fararen layuka kamar sawun tsutsa suna tafiya a ƙarƙashinta. Tsatsar alminiyam ke nan, ba ja ba ce irin ta ƙarfe, farar hoda ce. A nan ne mai keke ke zuwa rumfunan fenti na Babbar Kasuwa neman abin da zai kankare ta, a miƙo masa gwangwanin maganin cire fenti mai kauri kamar kunu. Shi muke dubawa yau.

Maganin yana cin kiliya sosai, kuma ba ya cin alminiyam. Wannan ne babban abin da ya fi sodar haɗa sabulu, wadda wasu masu gyara ke jiƙawa a bokiti su tsoma fok saboda arha. Soda narkar da alminiyam take yi. Za ka ga ruwan yana tafarfasa yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, fok ya fito baƙi ƙirin, fuskarsa ta yi ramuka, kaurinsa ya ragu a wuraren da ido ba ya gani. Fok kuwa shi ke ɗauke da tayar gaba, in ya karye fuska ce ke fara taɓa kwalta. Haka ma masu ƙona fenti da wutar gas: alminiyam na keke, irin 6061 da 7005, ƙarfinsa ya dogara ne da gashin da aka yi masa a masana'anta, wuta kuma tana warware wannan gashin ba tare da launi ya nuna ba.

Kafin a buɗe gwangwani a tabbatar da abin da ke hannu. A kanga maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne, wata maganar daban. In fok ɗin mai shokozoba ne, ƙafafunsa na ƙasa galibi magnisiyam ne, shi kuwa in an tsiraita shi ya fi alminiyam saurin lalacewa nesa ba kusa ba. A kankare ɗan wuri a ciki a ɗiga binega. In ya yi kumfa magnisiyam ne, a bar masa fentinsa. Fok na kabon, ko wanda aka haɗa gaɓoɓinsa da gam ba walda ba, kada maganin ya taɓa shi, domin gam ɗin yake ci. Akwai kuma fok mai launin da aka dafa cikin jikin ƙarfen da lantarki. Wannan maganin ba ya motsa shi, asarar kuɗi ce kawai.

Inda gwangwanin ke ba mutane haushi a garin nan shi ne zafi. Yawancin masu saurin aiki sinadarin dichloromethane ne a cikinsu, wanda ke tafasa a kusan digiri 40. Da tsakar ranar Afrilu ko Mayu a Sakkwato zafi kan wuce haka, ga ƙarfen da ya sha rana. Kana shafawa yana bushewa, kiliya ta yi laushi ta sake daskarewa, mutum ya ce an sayar masa da jabu. Ba jabu ba ne. A yi aikin da sassafe bayan asuba, a inuwa, a fili inda iska ke kaɗawa. A kwance fok daga keke, a cire birki da boris, a wanke giris da tina. A ɗan gurza kiliyar da samfefa mai lamba 180 don maganin ya sami hanyar shiga. A shafa da buroshi, kauri kamar milimita 2 zuwa 3, shafa ɗaya ba tare da kai da komowa ba, sannan a naɗe da leda. Ledar nan ita ce rabin aikin. Bayan minti 10 zuwa 15 a buɗe, za a tarar kiliyar ta yamutse kamar fatar tsohuwa, a ture ta da guntun katako ko roba. Kusurwoyin walda da bakin da aksul ke zama sukan buƙaci zagaye na biyu. Kwata ɗin lita ya wadatar da fok ɗaya, saboda haka ƙaramin gwangwani ya isa. Gwangwanin da ya kwana cikin zafi kan tara iska, a buɗe murfin a hankali, fuska a gefe.

Gubarsa ba ta wasa ba ce. Amurka ta hana sayar wa jama'a irin wannan maganin a 2019 bayan ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna. Siririyar safar hannu ta asibiti ba ta tare shi, sai wadda aka yi musamman don irin wannan sinadari, da tabarau, da bokitin ruwa a kusa. Gwangwanaye da yawa ba su rubuta abin da ke ciki ba, wannan kuma aibi ne babba a wurinmu. Wanda aka rubuta sodium hydroxide a jikinsa soda ce, a ajiye shi.

Bayan cirewa a wanke da ruwa da yawa, a busar, a bi da samfefar ruwa: 400, 600, 800, 1200. Kada a sa soson ƙarfe na wanke tukunya ko buroshin waya, domin suna barin ƙananan ɓurɓushin ƙarfe a jikin alminiyam, damina na zuwa kowane ɗigo ya zama rami. Kada kuma a goge tudun walda don a yi kyau. Yanzu da fok yake tsirara ne lokacin duba shi da tocila: siririn tsagi kusa da walda ko bakin aksul na nufin fok ya gama aiki, alminiyam ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi kamar ƙarfe.

To, zai yi tsatsa? Alminiyam da kansa yake yin wata siririyar fata da zarar ya sha iska, ita ke kare shi, kuma bushewar Sakkwato na taimakawa. Daga Nuwamba zuwa Mayu dusashewa kawai zai yi, ƙurar hunturu ta ƙara masa. Abokan gabarsa uku ne: gishirin gumi da ke ɗiga daga mai tuƙi, garin sabulun wanki da ake wanke keke da shi, da laimar Yuni zuwa Satumba a duk inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam, wato aksul, kusoshin birki da mazaunin boris. A waɗannan wuraren alminiyam ne ke cinyewa, har kusa ta liƙe ta ƙi kwancewa. Giris kaɗan a kowace mahaɗa yana raba su.

Mai son ƙyallin madubi ya goge da man goge ƙarfe na Autosol ya bi da kakin mota, ya kuma yarda zai maimaita duk bayan 'yan makonni, musamman da damina. Wanda ba shi da wannan haƙurin ya tsaya a samfefa 600, ya goge da tina, ya kai wa mai fentin mota a ranar, a fesa firaima ta alminiyam da fenti, ko kiliya mai haɗin hadna, wato sinadarin da ke sa ta taurare, shafi biyu. Kiliyar feshi ta gwangwani a kan fok da aka riga aka yi wa folish ba ta kamawa, ɓarewa take yi daga gefe, ruwa ya shige ƙarƙashi, fararen layukan nan su dawo.