Iska Ta Kayar Maka da Bishiyoyi a Gona: Ka Sayar, Ka Ɗauko Mai Inji, Ko Ka Sayi Naka?

Duk shekara, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, iskar da ke rako ruwan farko ba ta wucewa sai ta yi ɓarna. Mutanen birni masu gona ko lambu a wajajen Gezawa, Kura, Dawakin Kudu ko hanyar Bichi sun san wayar nan ta sassafe daga mai gadi: "Alhaji, jiya da dare iska ta kayar da darbejiya uku, mangwaron bakin rijiya ma ya tsage." Kafin ka isa wurin, ƴan itace sun riga ka, har sun fara taya abin da ba ka gani ba.

Kada ka karɓi tayin kowa sai ka zagaya da ƙafarka ka ga wace bishiya ce ta faɗi, domin irin icen ne ke yanke hukunci. Madaci mai miƙaƙƙen jiki katako ne na ƙofa da gado, asara ce babba a faskara shi a kai gidan burodi. Darbejiya danginsa ce, idan ta yi kauri tana ba da katako mai kyau, gara ba ta cika damunta ba. Kirya kuwa masassaƙa ke nema don turmi da taɓarya, maƙera su nemi gawayinta. Marke sarkin itacen girki ne. Giginya azara ce, kuma har yau akwai masu gini da ita. Turare ana sayensa dogo-dogo don rumfa da tokare rufin kankare lokacin gini, to amma yana tsagewa in ya bushe da sauri. Mangwaro ba ya jure kwanciya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƴan makonni kaɗan zai fara baƙi, ƙwari su huda shi. Kuka ba ta wuta ba ta katako, a kwashe ganyen a shanya, a ɓare ɓawon don igiya, shi ke nan.

Sai maganar mallaka. A ƙasar Kano ba abin mamaki ba ne gona ta zama ta wani, ɗorawa ko tsamiyar da ke cikinta ta zama ta magada. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci, ka kuma nemi malamin daji na ƙaramar hukuma ya ga cewa iska ce ta kayar, ba kai ka sare ba. Wannan ɗan zirga-zirgar ya fi a tare maka mota cike da gumagumai a hanya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayar a kwance. Ƴan itace su zo da gatarinsu da motarsu, su biya, su kwashe. Ba ruwanka da fetur ko leburori. Illarta ita ce a farashin itacen girki za a taya maka komai, har madacin. Kuma in ba ku yi ƙa'ida ba, sai su ɗebe jiki mai tsoka su bar maka kututture da tarin rassa a tsakiyar kunya, ga shuka ta matso. Don haka a gaban shaidu a faɗi ranar da za su gama, a faɗi cewa har ƙananan rassa za su share, a kuma nuna musu bishiyoyin da ke tsaye waɗanda ba sa cikin ciniki. Wannan na ƙarshen, wanda ya taɓa sayarwa ya san dalilin faɗarsa.

Hanya ta biyu, ka ɗauko mai injin yanka, wato injin nan na hannu mai sarƙa mai haƙora. A ganina ita ta fi dacewa da yawancin masu gona. Ana samunsu ta hannun ƴan katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, kafintocin unguwa ma sun san su. Ciniki iri biyu ne: ko kuɗin yini, ko jinga. Na fi son jinga, bishiya kaza kuɗi kaza, ko kuma a ƙirga fallen katako da ya fitar. A kuɗin yini, duk lokacin da inji ya mutu ana kwance filogi ana hurawa, daga aljihunka ake cin lokacin. Ka tambaye shi wa zai sayi fetur da mai, domin tun da aka cire tallafi a 2023 wannan ya zama rabin cinikin. Sannan ka tambaya ko yankan gunduwa-gunduwa kawai ya iya ko har tsaga katako. Aiki biyu ne daban. Mai tsaga da hannu, igiya yake shafa wa baƙin mai ya ɗana a jikin gungumen ya saki, ta bar layi, ya bi layin da bakin inji. Gwani fallensa kan fito sambal. Wanda bai ƙware ba zai ba ka katakon da kansa inci biyu, gindinsa inci ɗaya, mai injin gogewa ya cinye rabinsa kafin ya daidaita. Ka ce ya nuna maka aikin da ya taɓa yi.

Sayen inji naka shi ne abin da ke fara zuwa zuciyar mai kuɗi a hannu, kuma nan aka fi yin da-na-sani. A kasuwa za ka tarar da injuna ƴan Caina masu 52cc ko 58cc (cc ma'aunin girman inji ne), marasa nauyi, masu araha. Suna yin aikin sassabe rassa da yanka darbejiya matsakaiciya, amma ka ɗora su a kan tsamiya ko kirya su yi yini, sai ka ji kukansu ya sauya. Araha ba ta ado. A sama akwai Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin. Stihl 070, wanda masu tsaga katako suka daɗe suna riƙewa, ya haura 100cc, nauyinsa ya wuce kilo 10, ba abin da sabon shiga zai ɗauka ba ne. Jabunsa kuma ya cika gari, launi ɗaya, tambari ɗaya, sai ka je da bakanike ko mai sana'ar ya duba maka. Masu batir irin na Makita ko Ingco ba hayaniya ba hayaƙi, sun dace da gyaran rassan lambu, amma ba za su raba ka da gungumen madaci ba.

Kuma kuɗin inji ba ya ƙarewa a ranar saye. Fetur ɗinsa gauraya shi ake da man inji da ake kira 2T: Stihl kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, ƴan Caina da yawa 25 da 1, a duba takardar da ta zo da shi. Sarƙar tana da nata man daban, masu zuba mata tsohon baƙin mai suna kashe famfon ne a hankali. Icen da ya kwanta a gona yashi ya manne masa, ga tsofaffin ƙusoshi da wayar shinge da suka nutse a jikinsa, sarƙa ba ta daɗewa take dakushewa, dole ka koyi wasa ta da magagari. Idan kana da gandun turare ko lambu mai faɗi da ake datsewa duk shekara, kuma akwai yaro tsayayye da zai koyi aikin, saya. Don iskar dare ɗaya, kada ka soma. Injin zai kwanta a sito, fetur ya bushe a kafireto.

Akwai kuma hatsarin da ya sa nake ƙara tura mutane wurin masu sana'a. Bishiyar da iska ta kayar ta fi ta tsaye mugunta. Reshen da nauyi ya danne a lanƙwashe yake kamar baka, da an yanke shi sai ya fyaɗo. Wadda ta tumɓuke da saiwarta, in aka raba gindin da jikin, tulin ƙasar nan na iya komawa ramin da ƙarfi, kada yaro ya tsaya a ciki ko a bayansa. Wadda ta jingina a jikin wata ba a shiga ƙarƙashinta. In bakin inji ta sama ya taɓa ice, yana iya tashi ya dawo wa mai riƙe da shi a fuska. Idan wayar lantarki na cikin rassan, ba mai taɓawa sai ma'aikatan KEDCO sun kashe layin.

Gatari da adda ba su mutu ba. Ƙananan rassa, masu faskare biyu na ƙauyen sun isa, kuma matan maƙwabta za su so a bar musu ƙirare. Gawayi kuwa sai itace mai nauyi ya taru da yawa kafin ya biya wahalarsa, ga shi ɗanye ne a tsakiyar damina.

Abin da ka tsaga, kada ka bar shi a ƙasa. A jera a inuwa bisa bulo, a sa ƴan sanduna tsakanin falle da falle iska ta ratsa, a shafa ragowar fenti a bakunan don kada su tsattsage, a rufe sama da kwano. Itacen girkin ma in kana da wurin ajiya, ka bari ya bushe kafin ka kira masu burodi da masu tsire, busasshe ya fi ɗanye daraja. Kututturen darbejiya da na turare da saiwarsu ke ƙasa, kada ka biya a tono su. Za su sake tofo, ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka cire sauran.