Tsakanin Added Upon da The Giant Joshua: Ƙimar Labaran Mormon na Farko

Ɗan uwa, ka tambaya ko ƙagaggun labaran addini da mabiya cocin Mormon suka fara rubutawa suna da wata ƙima, ko kuwa wa'azi ne kawai aka sa masa rigar labari. Amsar ta fi fitowa idan aka jera littattafai biyu: Added Upon na Nephi Anderson, wanda ya fito a 1898, da The Giant Joshua na Maurine Whipple, wanda ya fito a 1941.

Na farkon yana da tarihi a bayansa. Shugabannin cocin, musamman Brigham Young, sun daɗe suna ƙyamar ƙagaggun labarai, suna ɗaukarsu ƙarya da ɓata lokaci. Amma bayan layin dogo ya iso Utah, yankin yammacin Amurka inda mabiya cocin suka zauna, a 1869, littattafan waje suka kwararo, matasa kuma suka rungume su, har Orson F. Whitney, wani marubuci kuma jagora a cocin, ya yi kira a 1888 da a samar da adabin gida wanda zai ƙarfafa imani. Anderson, haifaffen Norway, ya amsa kiran da labarin wasu rayuka da ya biyo su tun suna ruhohi kafin a haife su, ya sauko da su duniya inda suka manta juna sannan suka haɗu suka yi aure, ya kuma raka su har lahira. A fannin fasaha littafin yana da rauni, domin mutanen cikinsa ba su da zurfi, sau da yawa kuma labarin yakan tsaya cak don a yi bayanin aƙida. Duk da haka ya ɗauki koyarwa mai wuyar fahimta, wato rayuwa kafin haihuwa da aure madawwami, ya mai da ita abin da manomi da 'yarsa za su iya hangowa a zuci, shi ya sa aka yi ta sake buga shi kusan shekara ɗari, har wasan waƙe na Saturday's Warrior na 1973 ya gaji tsarinsa.

Whipple kuwa ta rubuta ne don Amurka baki ɗaya, kamfanin Houghton Mifflin na Boston ya buga mata. Jarumarta Clory mata ta uku ce a gidan wani dattijo cikin waɗanda aka tura su kafa garin St. George a kudancin Utah, kuma marubuciyar ba ta ɓoye kishi da yunwa da ambaliyar kogin Virgin da mutuwar 'ya'ya ba. Masu sharhi na waje sun yaba, amma John A. Widtsoe, ɗaya daga manyan cocin, ya soki littafin a mujallar cocin, da yawa daga mutanen garinta kuma suka juya mata baya. Abin yana yi mini ciwo, domin ba ta kammala ci gaban labarin da ta yi niyya ba.

A ganina Whipple ta fi iya rubutu nesa ba kusa ba, amma Anderson ya fi ta tasiri a kan yadda mabiya suke suranta lahira da iyali. Idan aƙidar kake son ganewa, fara da Anderson. Idan kuwa wahalar matan da suka rayu a ƙarƙashinta kafin sanarwar dakatar da auren mata da yawa ta 1890 kake nema, littafin Whipple ne zai nuna maka.