Wata biyu ɗiyata na koyon jarrabawar JAMB a wata cibiya ta wajen Ƙofar Ƙaura

Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyar da kemistiri a wata sakandaren gwamnati nan cikin Katsina, amma da JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ta matso sai ga ni ina biyan wani kuɗi ya koya wa ɗiyata zama gaban kwamfuta. Wurin yana saman bene, bisa shagon masu sayar da kayan waya. Kwamfuta talatin da 'yan kai, fanka huɗu, wutar sola. Naira 15,000 a wata, Litinin zuwa Alhamis bayan la'asar, kuma an ware wa mata layinsu daban, abin da ya sa uwarta ta yarda.

Gaskiya sun iya abu ɗaya, kuma sun iya shi sosai. Manhajarsu ta kwaikwayi jarrabawar sak: tambaya 180, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran darussa uku, awa biyu, ga agogo a kusurwa yana cin lokaci. Ranar farko yarinyar nan hannunta rawa yake, linzamin kwamfuta na zille mata, lokaci ya ƙare tana tambaya ta ɗari da goma. Ta dawo gida ta ce mani, "Baba, ba karatun ne ya kayar da ni ba, na'urar ce." Sai suka raba ta da linzamin, suka nuna mata maɓallan: A, B, C, D na amsa, N ta yi gaba, P ta koma baya, S ta miƙa. A mako na shida tana gamawa da ragowar minti goma. Wannan kaɗai ya biya kuɗin wata guda.

Abin da ke ci mani rai, a makarantarmu akwai ɗakin kwamfuta. Suna nan lulluɓe da leda, makulli na aljihun tebur, don babu kuɗin man janareto. Tun 2015 JAMB ta bar takarda da fensir baki ɗaya, WAEC ma ta fara jarrabawa da kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a 2024, amma har yanzu malamin kwamfutarmu zana maɓallan yake a allo da alli, yara na kwafa a littafi.

Yanzu ga inda na yi tsaki. Wata Laraba na tsaya bayanta ina kallo, sai ga tambaya: wace iska ke fita idan aka zuba zink cikin ruwan asid? Ta zaɓi haidirojin, daidai ke nan, na'ura ta ja mata ja, wai oksijin. Na samu mai wurin, saurayi ne mai ladabi, ya ce, "Malam, wallahi haka muka sayo manhajar, ba mu da ikon taɓa amsoshin." Na ci gaba da dubawa, na tsinci kuskure uku a kemistiri kaɗai. Yaron da ba malami a gidansu haka zai haddace ƙarya, ya shiga ɗakin jarrabawa da ita.

Malaman nasu kuwa dabara suke koyarwa fiye da darasi: cire amsa biyu da ba su yi kama ba, ka yi canke a sauran. Na so in yi faɗa, sai na tuna laifi tudu ne. Ni ma da Janairu ta kama nake rufe ɗakin gwaji ga 'yan aji shida, mu koma bitar tsofaffin tambayoyi, domin shugaban makaranta sakamako ake tambayarsa, ba wanda ke tambayar ko yaro ya taɓa riƙe kwalbar gwaji. Ɗalibaina sun san takardar litmos shuɗiya tana komawa ja a cikin asid, da yawansu ba su taɓa ganin ta koma ɗin ba.

Sauran ƙananan abubuwa: batir na sarewa wajen biyar da rabi idan an yi hazo, ƙura ta kashe maɓallin N a kujera ta goma sha huɗu, zafin benen kuma ba a cewa komai.

Wanda ɗansa bai taɓa kwamfuta ba, ya kai shi, amma wata ɗaya ya isa, na biyun maimaici ne. Ya kuma haɗa shi da littafin darasi, duk amsar da na'ura ta ja wa ja a duba ta a gida. Ƙanenta zai zauna baɗi, na riga na gaya wa mai wurin sai na ga an gyara amsar zink ɗin nan kafin in biya.